Bokitin Inna da Makasan Cikin Ƙirji

Mahaifiyata ta tsufa a Agege, amma har ta koma ga Allah ba ta taɓa yarda cewa abin da muke takawa a Legas ƙasa ce ba. Cewa take yi shara ce kawai aka danne da siminti. Shi ya sa duk jikan da aka haifa mata, ba ta bari a binne cibiyarsa a nan. A wajen Inna, inda aka binne cibiyar mutum nan ne gidansa, kuma yaron da aka yar da wani yanki na jikinsa a bola haka zai tashi yana gararamba a duniya, ba shi da wurin komawa. Malamai sun sha gaya mata cewa wannan magana ba ta cikin littafi. Ta ce ai ita ma ba ta ce tana ciki ba.

To ko da ta so binnewa a nan ɗin, ina wurin yake? Mai gidan da muke haya, wani dattijon Bayarabe, ya shafe tsakar gidan da siminti tun daga bakin ƙofa har bakin makewayi, ko tsinke ba ka samun inda za ka soka. Sai Inna ta samo wani ƙaton bokitin fenti ta wanke shi tas. Mijina tattasai da tumatir yake sayarwa a kasuwar Mile 12, ta tasa shi gaba da magana har sai da ya roƙi wani direban babbar mota ya biya ta ƙauyenmu, ya haƙo ƙasa buhu guda a gidan kakana, ya cusa buhun a cikin buhunan albasa. Bawan Allahn nan ya yi ta tambaya ko ƙasar ta magani ce. Tun daga ranar, jaririn da cibiyarsa ta faɗi a danginmu, a ƙyalle ake naɗo ta a kawo wa Inna, ta tona ƙasar da cokali ta binne. Garinmu guda yana zaune a bayan ƙofar ɗakinta, kusa da buta.

Wata shekara har barkono ya tsiro a ciki, ya yi 'ya'ya jajur, babu mai taɓawa. Wata maƙwabciyarmu sabuwar zuwa ta tsinka ta yi miya, ta zo tana yabon yajinsa. Inna ta bari sai da ta gama yabon, sannan ta zayyana mata abin da ke yi masa taki. Matar nan ba ta ƙara gaishe mu ba har ta tashi daga gidan.

'Yata ta uku sunan Inna aka sa mata, don haka babu mai iya kiran sunan a gidan, ita kuma Inna takwara take ce mata. Cibiyarta ta shiga bokiti lafiya lau kamar ta kowa. Sai dai yarinyar ba ta ƙiba. In tana shan nono sai ta saki tana haki, gumi ya jiƙe mata goshi, leɓɓanta su yi duhu. Muka yi ta zarya har aka tura mu babban asibiti ta wajen Idi-Araba, aka ce huji ne a zuciyarta, sai an buɗe ƙirji an gyara. Ban iya faɗin yadda na ji ba. Na dai san a cikin danfo, motar hayar Legas, na yi ta kuka har kwandasta ya daina yi mini ihu.

Ana gab da aikin wata likita ta zo ta same mu a kan benci, siririya mai tabarau, Bayarabiya. Ta ce ba ita za ta yi aikin ba, ita bincike take yi, kuma alfarma ta zo nema. Ni ce mai fassara, domin Inna ta ce ba ta jin Yarabanci. Ƙarya take yi, Allah Ya gafarta mata. In dai zagi ne ko ciniki, ta fi ni ji.

Likitar ta ce a bayan ƙashin ƙirjin kowane jariri, a saman zuciya, akwai wani nama mai laushi da suke kira taimus. A jarirai babba ne har yana tare hanya, saboda haka masu aikin zuciya sukan yanke wani sashe nasa kafin su kai ga inda za su. Yarinya za ta rayu ba tare da sashen ba. Abin da take roƙo shi ne, maimakon a ƙone shi tare da sauran tarkacen tiyata, a ba ta ta yi nazari.

Da na kai kan maganar ƙonewa sai na yi ƙasa da murya, amma ina! Inna ta riga ta ji tun daga bakin likitar.

“A ƙone me?” in ji ta. “Ke 'yar nan, tambaye ta, a gidansu haka ake yi? A yanki naman mutum a babbaka kamar ƙafar saniya?”

Na ce wa likita Inna tana tambayar amfanin naman. Likitar ta gyara zama, ka san mai ilimi in ya sami mai tambaya. Ta ce naman nan makaranta ce. Sojojin da ke tsare jiki daga cuta a can ake horar da su, a koya musu bambanta ɗan gida da baƙo, kuma mafi yawansu faɗuwa suke yi a jarrabawar, ba sa fitowa da rai. In mutum ya balaga makarantar takan fara tsukewa, har ta koma kusan kitse zalla.

“Nawa fa?” Inna ta tambaya, ta manta ba ta jin yaren.

“Mama, naki ya daɗe da zama kitse,” in ji likita.

Inna ta ja tsaki ta ce kitsen ma ai ba kowa ke da shi ba.

Likitar ta ci gaba. Ta ce ba waɗancan ɗaliban ne ma suka dame ta ba. A cikinsu akwai wasu 'yan ƙalilan da ake kira makasa tun daga halitta. Su ba sai an nuna musu fuskar wata cuta ba. Kowace ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da alamar gidan, su kuma aikinsu su bi suna dubawa. Wadda ciwo ya shiga ko daji ya fara lalatawa takan ɓoye alamarta, to da sun ga babu alama sai su manne mata, su huda ta, su zuba mata dafi. A jini an san aikinsu sarai. Amma waɗanda ke zaune a cikin makarantar nan sun ɗan bambanta, kamar ba su cika zafin kisa ba, sun fi yawan aika saƙo ga na kusa da su. Ko tsare makarantar suke yi, ko taya horon suke yi, ta ce har yanzu ba a gama sani ba, shi ya sa take neman naman.

Na zaci Inna za ta tashi ta kama salati. Sai na ga ta shafa tsagar da ke kumatunta, fuskarta ta washe.

“Wato tsagar gado suke dubawa,” ta ce. “Kai, waɗannan 'yan halak ne. Ke kuwa 'yata, da kika ƙi a yi wa 'ya'yanki, ke ma ubanki ya hana a yi miki, da ni ce su da ke zan fara.” Ta leƙa fuskar jaririyar da ke barci a cinyata. “Ashe da makasa kike yawo a ƙirji, takwara? Ba banza ba. Ni kika gado.”

Amma yabo daban, nama daban. Ni da mijina muka amince a gabanta, domin in dai zaɓin tsakanin wuta da hannun wannan baiwar Allah ne, ai ba sai an yi shawara ba. Inna ta ce mu amince da hannu mu amince da ƙafa, ita dai ta san naman takwararta ba zai kwana a hannun Legas ba, bokiti zai shiga. Raina ya ɓaci. Na ce, “Inna, don girman Allah, ana maganar ran yarinya kina maganar bokiti?” Ta dube ni ta ce ita ma maganar ran yarinyar take yi.

An yi aikin. Likitan da ya yi ya fito ya ce an toshe hujin, saura ta farka. Aka kai ta wani ɗaki da ba a shiga, ni kaɗai ake bari in leƙa na ɗan lokaci, sai an sa mini riga da hula da abin rufe baki. Tana kwance ƙanƙanuwa a cikin wayoyi da robobi, inji na yi mata numfashi. Inna ta yi magiya, ta yi faɗa, ta ce ita ta yanke cibiyar uwar yarinyar, duk a banza. Ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ta ce doka ce.

Washegari da safe na je gida in yi wanka in sake kaya, sai na tarar da Inna a bakin ƙofa ta sha lulluɓi, bokiti a gabanta, ta rufe shi da zani. Barkonon ya leƙo ta gefe.

“Ina zuwa haka?”

“Karɓo naman jikata.”

Na yi faɗa har maƙwabta suka fito. Ta yi kunnen uwar shegu da ni. Da na ga in na tafi ma bin bayana za ta yi ta ɓace a Oshodi, sai na kama mata hannu ɗaya na bokitin, ina ɗauka ina masifa. Jama'a, ƙasa tana da nauyi! A danfo ta ƙi yarda a sa shi a baya, ta ɗora shi a cinya. Kwandasta ya tambaya da Yarabanci mene ne a ciki. Kafin in ƙirƙiro ƙarya Inna ta amsa masa da Yarabanci tsantsa, wanda ban taɓa jin ta yi ba, ta ce jikokinta ne. Matar da ke kusa da mu ta matsa har tana hawa cinyar wani, wani mutum a baya ya fara addu'a da ƙarfi. Ba mu taɓa tafiya a sake a danfo kamar ranar ba.

A ƙofar asibiti mai gadi ya ɗaga zanin, ya ga barkono, ya ɗauka shuka muka kawo wa mara lafiya irin yadda 'yan boko ke yi, har ya ce mana sannu. Muka hau bene muna hutawa a kowane hawa, har muka sami ɗakin binciken. Likitar ta fito. Ta dubi Inna, ta dubi bokiti, ta dube ni. Na yi mata bayani kaina a ƙasa, ina jiran ta yi dariya in ci mutuncinta, domin ni kaɗai ke da ikon yi wa uwata dariya. Ba ta yi ba. Ta ce ƙasa dai ba za ta shiga ɗakin ba, ko ƙwaya ɗaya, domin abin da ke cikinta zai kashe mata aiki. Amma in Mama za ta wanke hannu ta sa riga, ta zo ta ga abin da take nema.

Inna ba ta yarda ta bar bokitin shi kaɗai ba, sai da wani mai shara ya yi rantsuwa zai tsaya a kansa. Aka sa mata farar riga a kan lulluɓi, hannun rigar ya wuce yatsunta. Tana shiga ta fara waige-waige, na san tsoka take nema, irin wadda za a naɗe a ƙyalle. Likita ta buɗe wani akwati mai ɗumi, ta fito da ɗan faranti na roba mai murfi, da ruwa ja-ja a ciki kamar an tsinka zoɓo.

“Ina naman?” in ji Inna.

Likita ta ce an warware shi, ƙwayoyin da ke ciki su ne a ruwan nan, sauran kuma an adana a cikin wata tukunyar sanyi. Inna ta riƙe baki. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin an mai da mutum romo ba, kuma ba komai, a juye mata a kwalba, ƙasa ai tana shan ruwa.

Likitar ba ta yi musu ba. Ta ɗora farantin a ƙarƙashin madubin nan nasu mai girmama ƙananan abubuwa, ta murɗa, hoton ya fito a allo. Wasu ƙananan ɗigo ne birjik, zagayayyu, suna sheƙi. Ta nuna wasu da ta ware gefe guda ta ce ga makasan. Wallahi ba su da wani kwarjini, sai ka ce an watsa gero a tire. Inna ta matsa har hancinta na taɓa allon. Can sai ɗaya daga ciki ya ɗan miƙa gefensa a hankali, ya janye.

“Ke, motsi ya yi,” ta ce.

“Eh, Mama.”

“Suna da rai?”

“Suna da rai. Ruwan nan abincinsu ne, akwai sukari a ciki. Akwatin kuma ɗuminsa daidai da na jikin mutum.”

Wannan karon ba ta jira fassara ba, ba ta kuma yi kamar tana jira ba. Ta laluba kujera ta zauna. Tun da aka shiga da yarinyar ɗakin tiyata ba ta sa ta a ido ba, duk abin da take samu labari ne daga bakina, ni kuwa ta san ina rage wani abu. Yanzu ga wani yanki na takwararta a gabanta yana miƙa.

“To ai ba a binne mai rai,” ta ce a hankali. Ta sake duban allon. “In waɗannan da aka raba da gida suna nan suna cin abinci, ita da aka bar wa sauran me zai hana ta tashi?”

Likitar ta buɗe baki, na san za ta ce wannan ba ya nuna wancan. Na taka mata ƙafa. Allah Ya yi mata albarka, ta rufe bakinta. Ni kuma da na yini ina masifa sai ga ni ina kuka a kafaɗar farar rigar Inna, ita tana ce mini in yi a hankali kar in firgita yara.

Kafin mu fita sai da ta kafa sharuɗɗa. Ta ce sukarin kar a cika, yana kawo tsutsa. Ta ce ranar da suka mutu a kira ta ta zo ta ɗauki gawa. Likita ta ce na cikin farantin ba za su daɗe ba, amma na cikin sanyi barci suke yi, za su iya shekaru a haka, kuma duk ranar da aka gama da su za ta kira. Sannan Inna ta fita baranda, ta kwance bakin zaninta ta fito da gwangwanin madara da ta zo da shi don awo, ta cika shi da ƙasar bokiti. Ta ce tunda nama ya ƙi zuwa wurin ƙasa, ƙasa za ta zauna kusa da nama, don su san suna da gari. Aka yi ta ciniki a kan inda za a ajiye. A ƙarshe aka daidaita a kan taga ta waje, daidai bangon da tukunyar sanyin take jingine.

Yarinyar ta farka. Ba ranar ba, sai da ta ƙara ba mu wuya, amma ta farka, ta kama nono kamar mai ramuwa. Yau tana makaranta, da tabo a tsakiyar ƙirji da baki irin na mai sunanta. Inna ba ta taɓa cewa addu'ar kowa ko aikin likita ba su yi ba, amma in ana labarin takan ƙara da cewa ita ta riga kowa sani, a allo ta gani. Duk bayan wani lokaci sai ta sa ni in buga wa likitar waya in tambayi masu barci. Da sallah har nama take aika mata, ta ce ladan reno.

Abin da Inna ta fi tsoro shi ya same ta. Kullum tana cewa in ta ji alamar tafiya za ta hau mota ta koma gida, ba za a sa ta a sharar Legas ba. Ba ta ji alamar ba. Ta yi sallar walaha ta kishingiɗa, shi ke nan. Gawa kuwa ba ta jira, kafin la'asar maza sun ɗauke ta zuwa maƙabartar Hausawa ta nan Agege. Ina zaune cikin mata ana ta yi mini gaisuwa, ni kuwa ba mutuwar kaɗai ke cina ba. Matar da ba ta yarda cibiyar jariri ta taɓa ƙasar nan ba, ga shi mun miƙa ta gaba ɗayanta.

Da mutane suka ragu na shiga ɗakinta in ɗauko tabarma. A bayan ƙofa, kusa da buta, na ga bokitin a kife, an wanke shi. Na fito ina neman wanda zan ci wa mutunci. Mijina yana tsugune a bakin famfo yana wanke ƙafa, kafaɗar rigarsa duk jar ƙasa.

“Wa ya taɓa bokitin Inna?”

Bai ɗago ba. Ya ce shi ya saɓa shi a bayan makara, mutane na kallonsa. Kafin a sa ta ya shimfiɗa rabi a ƙasan kabarin, da aka jera itace ya juye sauran a kai. Wani malami ya ce wannan ba ya cikin littafi, shi kuma ya ce ai ita ma ba ta ce yana ciki ba.

Bayan an share makoki na buga wa likitar waya na gaya mata, na ce daga yau in lokacin ya yi ni za ta kira. Ta yi mini ta'aziyya da 'yar Hausar da ta tsinta a bakin Inna. Ta ce gwangwanin yana nan a kan taga, ya yi tsatsa, masu shara sun san ba a taɓa shi. Na tambaye ta masu barci fa. Ta ce suna nan, ba su mutu ba.

Na ce to, a bar su.